Rigar Jon Frisk

Ranar Talata da safe Gullan ta buɗe gidan tarihin soja na garin Stenmo. Ta kunna fitilu, ta wuce bindigogi da gangunan yaƙi ba ta ko dube su ba, sai a zaure na uku ta tsaya cak. Akwatin gilashin da ke tsakiyar ɗakin yana nan a rufe, ba tsaga ba karce. Gunkin katakon da ke ciki ma yana tsaye. Rigar da ke jikinsa ce babu.

Shuɗiyar riga ce mai shafi rawaya da maɓallan tagulla, ta haura shekara ɗari uku, irin ta sojojin nan da sanyi ya halaka a kan duwatsun iyaka da Norway. Ita baƙi ke tahowa gani. Sauran kayan gidan rakiya suke yi mata.

A Stenmo kanti ɗaya ne, coci ɗaya, don haka labari ba ya bukatar mota. Kafin tsakar rana kowa ya ji, kuma kowa ya yanke hukunci: Halvar Frisk ne.

Ba su rasa dalili ba. Rigar ta kakan kakanninsa ce, Jon Frisk, wanda ya sauko daga duwatsun nan da ransa amma babu yatsun ƙafa. Mahaifiyar Halvar ce ta kawo ta gidan tarihin. Sai dai katin da ke jikin akwatin cewa ya yi, “Rigar ƙaramin soja, ba a san mai ita ba.” Shekara ashirin Halvar na neman a sauya katin, shekara ashirin Manjo Sixten Rehn, shugaban gidan, na cewa a kawo takardar shaida. To ranar Lahadin da ta wuce Halvar ya kai ziyarar da yakan kai duk farkon shekara, ya manna hancinsa a gilashi, ya ɗago, ya ɗaga murya a gaban baƙi cike da bas guda.

“Asu na cin ta! Kun hana mutum sunansa, yanzu kuma kun bar asu ya ci rigarsa. Zan ɗauke abina, ko kun so ko kun ƙi!”

’Yarsa Tyra ce ta ja shi waje ta tura shi cikin motarta. Saboda sauri ma suka bar jan keken ƙanƙararsa a bakin ƙofa, kujerar katako a kan dogayen ƙarafuna biyu, irin wadda kowane tsoho a garin ke turawa da ƙafa ɗaya zuwa kanti.

* * *

Tyra mai bin sawu ce. In mota ta buge elg, ƙatuwar barewar nan mai ƙaho kamar cebur, ta tsere daji da rauni, ita ake kira ta bi ta. Ba ta da yawan magana. Tun tana makaranta in aka ce ta miƙe ta yi bayani sai kunnuwanta su yi ja. Sawu ya fi mata daɗin sha’ani, don shi ba ya tsare mutum da ido.

Ta tarar da mahaifinta yana faskare a bayan gida.

“Baba, kai ka ɗauka?”

Bai ko ajiye gatarin ba. “Da ni na ɗauka, da yanzu tana jikina, ina zaune da ita a ƙofar kanti kowa ya gani.”

“Sun ce kana da mabuɗi.”

“Ni na ƙera akwatin, ta yaya zan rasa mabuɗi? Yana rataye a ƙusa bayan ƙofa tun kina rarrafe.”

“Jiya da safe ina kake?”

“Af, ke ma ’yar sanda kika zama?” Ya raba icen biyu. “Ina gidana. Shaidata kyanwa ce, ki je ki tambaye ta.”

“Ka zo mu je ka gaya musu haka da bakinka.”

“Ban yi sata ba, kuma ba zan cire hula in roƙi Sixten ya yarda ban yi ba. Ya kira duk wanda zai kira.”

Tyra ta dubi tagar ɗaki, inda ake hango kabad ɗin bindigarsa. Tana aiki da ’yan sanda, ta san yadda za su kalli lamarin: tsoho mai zafin kai, ya yi barazana a bainar jama’a, ga mabuɗi a hannunsa. Abu na farko da za su riƙe shi ne bindigar. Ƙungiyar maharban garin kuwa ba ta jiran kotu. Tun da safe ta ji a kanti ana cewa mai ɗan hali ba zai tsaya a layin farauta da mutane ba. Shekara hamsin da biyu Halvar na fita farautar elg da ƙungiyar nan. Tun da mahaifiyarta ta rasu, zuwan watan Satumba, lokacin farautar, shi kaɗai ke tashe shi daga gado a sauran watannin.

“In suka cire ka fa?” ta ce a hankali.

Gatarin ya tsaya a sama na ɗan lokaci. Sannan ya sauko da ƙarfin da ya fi na da.

* * *

Manjo Rehn ya tarbe ta a zaure na uku, tsaye ƙyam kamar an haɗiyar masa da sanda. A hammatarsa yana ɗauke da Kofur, ɗan guntun karensa mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, wanda ko coci ba ya zuwa ba da shi ba. Shekara goma sha biyar da barin aikin soja, amma har yau in ba a ce masa Manjo ba sai ya yi kamar bai ji ba.

“Na san abin da ya kawo ki, Tyra, kuma ina tausaya miki. Alfarma nake yi wa mahaifinki. Ban kira kowa ba tukuna. Ranar Alhamis bayan miyar wake kwamiti zai zauna. In rigar ta dawo kafin nan, shi ke nan, an binne maganar.”

“In ba ta dawo ba?”

“Doka ta yi aikinta.”

“Mabuɗi nawa ne?”

“Uku. Nawa, na Gullan, da wanda mahaifinki ya ƙi dawowa da shi.”

Ta zagaya akwatin ba ta taɓa ba. A kan tagar ɗakin ta ga wani ƙaramin faranti, an jera masa allurai takwas, kawunansu duk sun dubi gefe ɗaya.

“Waɗannan fa?”

“Su ke riƙe rigar a jikin gunkin.”

“Ɓarawon ne ya jera su haka?”

Manjo ya gyara riƙon karensa. “Mahaifinki kafinta ne. Kafintoci suna da tsari.”

Tyra ta tuna teburin aikin babanta, inda ake neman guduma kwana biyu ba a gani ba. Ta gode masa, ta nufi ɗakin girki.

Gullan na murza ƙullin burodin kirfa kamar da shi ta yi faɗa. Ita ke sayar da tikiti, ita ke shara, ita ke dafa gahawar baƙi. Ta tura wa Tyra kofi ba tare da ta tambaye ta ba.

“Zauna, ’yar nan, kin yi fari fat. Ni dai ban ce babanki ne ba. Cewa na yi bakinsa ne ya ja masa.”

“Jiya kin shigo?”

“Litinin? Gida a rufe, me zan zo yi? Ina wajen ’yar’uwata tun safe, muna ɗinkin labule. Je ki tambaye ta, ai ta fi rediyo.”

“Gullan, da gaske akwai asu?”

Hannun Gullan ya tsaya a cikin ƙullin. Ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

“Ke ba ki ji daga bakina ba. Tun kafin Kirsimeti nake ganin ’yan matattu a ƙasan akwatin. Na gaya wa Manjo, ya ce in share in kama bakina. Kin san mako mai zuwa wata ƙwararriya za ta zo daga birni duba kayan gidan nan? Ya yi wata guda yana goge tagulla saboda ita.”

* * *

Wanda ya ce ya gani da idonsa shi ne Ebbe, mai shagon tsofaffin kaya a gaban gidan tarihin. Tyra ta tafi wurinsa da zargi a ranta, don kowa ya san ya taɓa taya rigar har sau biyu, kuma yana da masu saye a ƙetare. Mutum irinsa ba zai rasa hanyar yanka mabuɗi ba.

Tana shiga zargin ya mutu. Ebbe na kishingiɗe a bakin taga, ƙafarsa a naɗe cikin filasta har gwiwa, an ɗora ta a kan wani tsohon akwatin harsashi.

“Kada ki yi dariya,” ya ce. “Rawar Kirsimeti ce. Na ce wa matar da muke rawa da ita ta bi a hankali, ta ce ai da ƙuruciyata. Mako biyu ke nan ina gadin tagar nan kamar kyanwar gwauro.”

“Me ka gani jiya?”

“Wajen ƙarfe tara, gari bai gama wayewa ba. Jan keken babanki ya fito ta bayan gidan tarihi, da ƙunshi a kan kujera, ya bi hanyar tafki.”

“Keken ka gani ko Baba?”

“Haba, Tyra. Jan keke ɗaya ne a garin nan.”

“Fuskarsa fa?”

“A wannan duhun? Hular gashi na gani.”

“Irin wadda ke rataye a bayanka?”

Ebbe ya waiwaya ya dubi hularsa, ya sosa gemu. “To, ai duk kanti ɗaya muke saye.”

“Ka ga dawowarsa?”

“Na ɗan runtsa. Maganin nan da suke ba ni sa barci yake.” Ya gyara kishingiɗa. “Ni ban ce ɓarawo ba, kin ji. Na ce na ga keke. Mutane ne suka ƙarasa.”

* * *

Tun daren Asabar dusar ƙanƙara ba ta sake zuba ba, sanyi kuma ya kafe a digiri ashirin da biyar ƙasa da sifili. Ga mai bin sawu, wannan kamar a ba shi wasiƙa ce ba a liƙe ba.

Laraba, da haske ya fara, Tyra ta tsaya a bayan gidan tarihin. Jan keken na nan a jingine da bango. Ta kifar da shi ta duba ƙarfen hagu, ta ga ɗorin waldar da babanta ya yi masa bara. Ɗorin nan yakan bar siririn layi a cikin sawu, kamar an ja da farce. Da shi ta ware sawun keken daga na sauran, ta bi shi ya sauka hanyar tafki, inda ba kowa ke bi ba a wannan lokaci.

Ba ta yi taku hamsin ba ta durƙusa.

Mai tura keken ƙanƙara yakan ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙarfe ɗaya, ya riƙa dukan ƙasa da ɗayar a tsakanin ƙarafunan. Ƙarfen da aka taka shi ke nutsewa. A nan ƙarfen dama ne ya nutse, sawun da ke tsakiya kuwa na takalmin hagu ne. Ta bi shi har gangare, ta duba na dawowa. Duk haka: dama a tsaye, hagu na duka.

Ta zauna a kan dugaduganta, ta saki numfashin da ta riƙe tun jiya. Shekara ashirin da biyar ke nan da gungume ya faɗa wa Halvar a kwatangwalon hagu. Ƙafar ba ta komawa baya. A kanta yake tsayawa, da dama yake duka, ko yaran makaranta in suna kwaikwayonsa haka suke yi.

Amma wanke Baba rabin aiki ne. Takalmin irin na kantin garin ne, rabin mazan Stenmo da matansu shi suke sawa. Ta ci gaba.

Bayan wasu bishiyoyi, a wani fili da ba a hangowa daga hanya, sawun keken ya tsaya. Tyra ma ta tsaya. A kan farar ƙanƙara ga siffar mutum kwance, hannuwa a buɗe, ba kai ba ƙafafu. Siffar riga ce, an shimfiɗa ta rub da ciki, ga ramukan maɓallai a jere. Wurin ya yi toka-toka da ƙura, da ’yan ɓawon asu kamar an watsa dusa.

Ta san wannan aikin. Haka kakarta ke yi wa darduma da bargunan ulu: ranar da sanyi ya fi tsanani a fitar da su a shimfiɗa a busasshiyar ƙanƙara, a bubbuga, a bar su. Datti ya zauna a ƙasa, sanyi ya kashe asu. Ba wanda ya taso a wannan yanki bai ga an yi ba. Wanda ya kawo rigar nan ba sace ta ya zo yi ba. Wanke ta ya zo yi a ɓoye.

To me ya hana shi mayar da ita?

Amsar na gefen hannun riga na dama. Wurin ya tumurmushe. Ga gurbin gwiwoyi biyu inda mutumin ya faɗi, ga inda ya ja wani abu, wani abin kuma ya ja shi. Da farko ta ce dila ne. Amma dila na jera sawunsa ne a layi ɗaya kamar ɗinki, kuma cikinsa ba ya taɓa ƙasa. Wannan kuwa doguwar kwata ce ya bari, kamar an ja sandar murza burodi a cikin garin fulawa, da ’yan ƙananan dagi hagu da dama.

A ƙarshen kwatar ta tona da yatsa. Ta ciro ƙyallen rawaya mai faɗin tafin hannu, da maɓallin tagulla ɗaya a jikinsa.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta naɗe shi a hankici, ta tuna cewa gobe sai ta miƙe a gaban mutum arba’in, kunnuwanta suka fara zafi tun daga nan.

* * *

Ranar Alhamis miyar wake ce da fanke, a barikin soja ko a gidan kowa, kuma a Stenmo a zauren cin abinci na gidan tarihi ake haɗuwa a sha. Ranar ba a sami wurin zama ba. Maharba sun cika dogon tebur. Har Ebbe an turo shi a keken ƙanƙara, ƙafarsa a miƙe kamar bakin igwa.

Ana cikin ci ƙofa ta buɗe, Halvar ya shigo da rigarsa ta zuwa coci, Tyra a bayansa. Cokula suka tsaya. Ya je ya karɓi kwanonsa wurin Gullan, ya ja kujera a tsakiyar maharban, ya zauna. Wanda ke gefensa ya ɗan matsa.

“Matsa da kyau,” in ji Halvar. “Kada in sace maka cokali.”

Manjo ya miƙe, ya buga kofi da cokali. “Tunda wanda abin ya shafa ya zo da kansa, ina ganin kwamiti zai iya…”

“Manjo.” Muryar Tyra ta fito siririya, har sai da ta sake. “Manjo, kafin kwamiti, ina so kowa ya fito waje. Minti biyar.”

“Wannan ba wurin wasa ba ne, Tyra.”

“Kwana uku kuna kiran ubana ɓarawo a kanti, ba wanda ya ce wasa ne.” Ta cusa hannunta a aljihu. “Ku da kuke kirana da asuba in bi muku dabbar da kuka harba ba daidai ba, kun taɓa ganin na kai ku inda ba ta bi ba? To yau ma ku biyo ni. Ƙofar nan ce kawai.”

Wani daga cikin maharban ya ajiye cokalinsa ya miƙe. Sauran suka bi.

Ta riga ta kawo jan keken gaban gidan, inda ƙanƙara ke nan lumui har gindin sandar tuta. Ta gaya musu abin da ta gani a hanyar tafki, a taƙaice, idonta a ƙasa: dama a tsaye, hagu na duka. Sannan ta ce, “Baba, hau.”

“Ni ba dokin wasa ba ne.”

“Baba.”

Ya yi tsaki, ya hau, ya tura har sandar tuta. Maharba suka sunkuya a kan sawun. Su ma ba baƙin sawu ba ne. Ƙarfen hagu ya nutse, takalmin dama a tsakiya.

“Yanzu ka gwada da hagun.”

Ya gwada. Ƙafar ta ƙi, keken ya karkace, sai da mutum biyu suka tare shi. Ba wanda ya yi dariya.

“Mabuɗi uku ne,” in ji Tyra. “Gullan?”

“Ni da hagu nake duka, kowa ya sani,” Gullan ta ce, tana goge hannu a gaban rigarta. “Amma ranar ina wajen ɗinki, ga ’yar’uwata nan ku tambaye ta, in kuna da lokaci har yamma.”

Idanu suka koma kan Manjo. Gidansa na tsallaken titi, bai da keke, ba wanda zai iya tuna ranar da ya gan shi a kan na wani.

“Ba zan hau ba,” ya ce. “Ba ki da ikon ba ni umarni. Kuma ko da hagu nake duka, sai me? Mabuɗi ana iya ara, ana iya yankawa.”

“Gaskiya ne. Ba sai ka hau ba. Ka dai ajiye Kofur a ƙasa.”

“Me?”

“Ajiye karen, Sixten,” in ji Halvar. “Ko shi ma yana da muƙamin da ya fi ƙarfin umarni?”

Manjo bai ajiye ba. Tyra ta ciro hankicin daga aljihu, ta warware, ta ɗaga ƙyallen rawayan sama da maɓallinsa yana lilo. Kofur ya shaƙi iska sau ɗaya. Ya yi wata irin zillo ya kuɓuce daga hammatar ubangidansa, ya faɗa cikin ƙanƙara har wuya, ya nufo ta yana haushi. A bayansa ya bar doguwar kwata, kamar an ja sandar murza burodi a cikin garin fulawa, da ’yan ƙananan dagi hagu da dama.

“Irin wannan na nan a bayan bishiyoyin tafki,” Tyra ta ce, “kusa da siffar rigar da aka shimfiɗa don sanyi ya kashe mata asu. Duk mai so ya je ya gani kafin sabuwar ƙanƙara ta zubo. A garin nan kare ɗaya ne cikinsa ke jan ƙasa.”

Kofur na ta tsalle a ƙafarta yana neman abin wasansa.

* * *

Manjo ya daɗe a tsaye. Sannan kafaɗunsa suka sauka, ya koma tsoho kamar kowane tsoho.

“Tana cikin firizata,” ya ce. “Ƙarƙashin naman elg. Na nannaɗe ta da kyau.” Ya dubi ƙasa. “Ranar Lahadi da Halvar ya yi maganar asu, na san gaskiya ya faɗa. Ga ƙwararriyar nan tafe. Na ce in yi abin da uwata ke yi, awa biyu in mayar, ba wanda zai sani. Na ga keke a ƙofa na ɗauka. Na juya baya ke nan in ɗauko buroshi, karen nan ya kama hannun rigar…”

“Ka kuma bari a ce ni ne,” in ji Halvar.

“Ban taɓa furta sunanka ba. Kuma ba zan kira ’yan sanda ba, na rantse. Lokaci nake nema. Na yi nufin in kai ta birni a gyara a ɓoye, wata safiya a wayi gari ta dawo, a ce ɓarawon ya tuba.”

“Wato ni ne ɓarawon da zai tuba.”

Maharbin nan da ya matsa wa Halvar a tebur ya cire hularsa, ya rasa abin da zai yi da ita, ya mayar.

Aka aika aka ɗauko rigar. Gullan ta share dogon teburin, aka shimfiɗa ta a kan farin zane, tana fitar da hucin sanyi. Hannun dama ya yage daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, a kafaɗa kuma ga ’yan hujojin asu kamar an yayyafa barkono. Halvar ya tsaya a kanta. Bai taɓa ta ba, sai da ya goge hannunsa a wando, sannan ya ɗora yatsa biyu a wuyanta.

“Taka ce,” in ji Manjo, murya ƙasa ƙasa. “Ka tafi da ita. Ni kuma zan ajiye shugabancin yau.”

“Ka ajiye, ka tafi gida ka huta, mu kuma a bar mu da asu? Ba ka isa ba.” Halvar ya juyo. “A gidana kyanwa ce za ta kwana a kanta. Nan za ta zauna. Matar birnin nan in ta zo, kai za ka tsaya a gabanta ka gaya mata yadda hannun ya yage, da bakinka, ƙafa a haɗe. Gullan, ba ni kati da alƙalami.”

Gullan ta kawo. Ya tura su gaban Manjo.

“Rubuta. Kai ne mai kyan rubutu. Jon Frisk, soja, na Stenmo. Ya je, ya dawo.”

Manjo ya ɗauki alƙalamin, ya tsaya. Tsohon hali ya motsa masa a leɓe. “Takardar shaida dai, a ƙa’ida…”

“Mutum arba’in suka ce ni ɓarawo ne ba da takarda ba,” in ji Halvar, “ka kuma karɓa. Rubuta.”

Ya rubuta. Tyra na tsaye a bayansa tana kallon haruffan suna fitowa a jere kamar alluran nan na faranti, kawunansu duk sun dubi gefe ɗaya.

Da suka fito, rana ta riga ta karkata kan tafki. Ta buɗe masa ƙofar mota, ya wuce ta kamar bai gani ba, ya kama hannun jan kekensa.

“Baba, miyarka ta huce ba ka sha ba.”

“A ajiye mini kujerata a tebur, mako mai zuwa na sha.” Ya ɗora ƙafar hagu a kan ƙarfe, ya ɗan dube ta ta gefen ido. “Kunnuwanki sun yi ja.”

“Sanyi ne.”

“To,” ya ce. Ya daki ƙasa da dama, ya bi tsakiyar titi, ta gaban kanti, a hankali, yadda duk mai taga zai gan shi.